Abin da Ɗalha Ya Gani a Gabas

Duk ƙasar Mungadi babu mai karanta sama kamar Malam Ɗalha. Tsoho ne mai taurin kai, manomin gero da albasa, amma in ya leƙa gabas ya ce a kwashe shanya, to wallahi ka kwashe taka. Har daga Aliero ake bugo masa waya kafin a zuba iri.

Ranar da abin ya faru, 'yarsa Zinatu, wadda ta zo gida haihuwar fari, ta sauka da hantsi, jini kuma ya ƙi tsayawa. Kwana uku ke nan da ambaliya ta cinye kwalbatin hanyar Jega, ko babur ba ya ƙetarewa. Iklima, malamar asibitin ƙauyen, ta yi iya yinta, sannan ta kira ƙungiyar agajin da ta kawo jirgi mai saukar ungulu saboda ambaliyar.

Matuƙin, wani Nuraddeen, ya ce na'urarsa ta nuna hadari, sai dai ba ta tabbatar da inda ya nufa ba. Dokarsu kuwa, in hadari zai riske su a hanya, ba a tashi. Yana son wanda ke wurin ya duba masa. Iklima ta miƙa wa Ɗalha wayar.

"Baba, minti ashirin da biyar nake buƙata," in ji matuƙin. "Mu uku ne a ciki. Me ka gani?"

Ɗalha ya fita ƙofar gida. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke ɗif, kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Matarsa Dije ta biyo shi, hannunta duk jini, ta riƙe gefen rigarsa.

"Malam, ce mishi gari garau shike. Don Allah. Yau ɗai."

Kai, jama'a! Har ya buɗe baki zai faɗa. Sai ya tuna su ukun nan ma 'ya'yan wasu ne, kuma shi ya san abin da irin wannan baƙin ke yi wa rufin kwano, balle abin da ke sama.

"Ɗana, kak ka taso. Kahin ka iso ya sauko, kuma da iska."

Matuƙin ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, Baba. Yana wucewa zan zo."

Dije ta saki rigar. Ta koma ɗaki.

Ɗalha ya tsaya nan yana jiran ruwa, har roƙon Allah yake ya sauko. Minti goma. Minti ashirin da biyar. Sai hadarin ya karkata a hankali, ya bi kudu abinsa, ko ɗigo bai faɗo Mungadi ba. Shekara arba'in sama ba ta taɓa ƙaryata shi ba sai ranar.

Ana kiran azahar wayar ta yi ƙara. Nuraddeen ne, ya ce gari ya washe, ga shi nan tasowa. Iklima ta fito daga ɗaki da jaririyar a kafaɗa, idonta jajir, ta karɓi wayar ta ce masa ya yi zamansa.

Ranar sadakar uku wani ya bugo daga Aliero, bai ji labari ba, yana tambaya ko a zuba iri.

Ɗalha bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Ban sani ba."