Gidan da Ya Amsa Kamar Ganga

Gidanmu ya girmi masallacin garin, ya girmi kasuwa. Kamfanin haƙar ma'adinai ne ya gina wa manajansa, da baranda da taga goma sha huɗu. Matar manajan ta gudu da direba, wannan kowa ya sani. Daga nan gidan ya koma ɗakin shan magani, daga baya aka yanyanka shi da katako aka zuba leburori da matansu. A nan aka kawo ni amarya. A nan na haifi bakwai, a nan aka shigo da takalman maigidana ranar da ramin ma'adinai ya rufta, shi kuwa ba a shigo da shi ba.

Shekara hamsin da ɗaya ina ɗakin kusa da famfo. Duk wadda za ta ɗebi ruwa sai ta bar mini labari.

Bara bango ya tsage, har hannu na shiga. Wani injiniya ya zo da takarda, ya ce tsofaffin ramuka sun cinye ƙarƙashin gidan, kowa ya fita kafin damina. Kowa ya fita. Ni na ce ina nan, sai dai a fitar da gawata.

'Yata ta yi kuka ta gaji, ta kirawo ƙanin ubanta. Shi ne Mai Ƙwanƙwasa. A zamanin rami, shi ke fara shiga da sandar ƙarfe ya bubbuga dutsen sama. In dutse ya amsa ƙal, a shiga aiki. In ya amsa dum kamar ganga, akwai rami a bayansa, kowa ya juya.

Ya shigo yana dogara sandar nan tasa.

"Matar Yaya, har yanzu kina nan kina gadin gulma?"

"Ina nan, tsohon banza. Kai da ko sallama ba ka ji, me za ka jiyo mini?"

"Kunne ya tafi, tafin hannu na nan."

Muka yi alkawari a gaban 'yata: abin da sanda ta faɗa, shi zan bi. Da yarinyar ta juya baya na ja shi gefe, na kai baki kunnensa.

"Ka ce ƙal. Me zai rage ka? Ni fa na yi maka wanki shekara shida kafin ka sami mai sonka."

"Ban taɓa yi wa sanda ƙarya ba," in ji shi. "Ranar da rami ya rufta da Yaya ina kwance da zazzaɓi, wani ne ya buga."

Na ja da baya na ba shi wuri. Ba kasafai nake yi ba.

Ya durƙusa a tsakar ɗakina, ya dafa ƙasa da hannun hagu, ya buga. Ni ma na ji. Dum.

Na ɗauka zai miƙe ya ce in tattara. Ina! Ya rarrafa ɗakin mai ɗinki ya buga. Ya shiga na mai gyaran fitila, ya shiga wanda shi kansa ya yi gwauranci a ciki. Ina biye da shi da kujera ko zai huta. Dum, dum, dum. Tun hantsi har la'asar yana nemo mini wuri ɗaya da zai amsa ƙal, gwiwoyinsa duk sun goge.

A bakin ƙofa ya buga dutsen dokin ƙofa, wanda ƙafafunmu suka lotsa. Ƙal!

"Wannan kaɗai ke da rai, matar Yaya."

"To ai sai ka tono mini shi."

Mutum huɗu suka ɗora shi a mota, ni a gaba da ƙullin kayana. Yana nan a ƙofar 'yata. Surukina ya yi tuntuɓe da shi sau uku, ya ce a kawar. Na ce ya koyi ɗaga ƙafa. A kansa nake zama da yamma, ina fuskantar hanyar garinmu, ko wata za ta zo da labari.