Ƙaramin Kibod na Mama Yatsa-Goma

"Ranar Asabar zan zo da mota," in ji babban ɗan maƙwabciyata Mama Yatsa-Goma. "A haɗa mata kayan sawa kawai, sauran a rabar. Makulli kuma a mayar wa mai gidan haya."

A tsaye yake a gefen gadon uwarsa, yana magana ta saman kanta kamar mai magana ta saman katanga. Ƙanwarsa Auta na zaune a bakin gadon tana murza gefen mayafinta. Ni kuwa ina bakin ƙofa da filas ɗin ruwan zafin da na kawo, na rasa gaba zan yi ko baya.

"Yaya, ko a tambaye ta tukuna?" in ji Auta.

"A tambayi wa? Auta, ki daina wahalar da kanki. Likita ma ya ce da wuya in tana gane mu. Sati uku ke nan, kin ji ta faɗi kalma ɗaya? A gidana akwai masu kula da ita dare da rana."

Ba mugu ba ne, kar ku ɗauke shi haka. Kantin magani gare shi a wani gari mai nisan awa biyar a mota, kuma tun da abin ya faru ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Amma wallahi a ranar ji na yi kamar in kwaɗa masa filas ɗin.

Shekara shida ƙofata na kallon tata a hawa na biyu. Mama ta yi shekara talatin da huɗu tana buga takardu a ofis, tun zamanin tafireta har zuwan kwamfuta, kuma ba ta taɓa duban hannunta in tana bugawa ba. Shi ya sa duk gidan ake ce mata Mama Yatsa-Goma. Ni sana'ata rubuta manhaja, daga ɗakina nake aiki. Ranar da ta fara leƙo ni ta ga yadda nake caccakar maɓallai da yatsu huɗu, sai ta dafe ƙirji.

"'Yar Kwamfuta, haka kike cin abinci da wannan hannun? Kaza ma ta fi ki tsari."

Ta zaunar da ni wata biyu, tana rufa mini tawul a kan hannu, har na koya. Sai ga shi yanzu shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata hannun dama da ƙafa, ta nauyaya mata harshe, ga yanar ido da ta daɗe tana fama da ita. An ba ta biro, hannun hagu ya yi zane kamar na ɗan goye. An ba ta waya, ta shafa gilashin ta ture.

Na shiga na ajiye filas ɗin. A nan ne idona ya sauka a kan hannunta na hagu. Yatsun na motsi a kan bargo. Auta ta ce rawar ciwo ce, tun a asibiti take yi. Na ƙara kallo da kyau. Yatsu huɗu ne a jere, ɗaya ya hau sama ya dawo mazauninsa, wani ya sauka ƙasa ya dawo, sai a ɗan tsaya daidai inda hannun dama ya kamata ya buga nasa, sannan babban yatsa ya doki bargon. Rawar ciwo ba ta da irin wannan ladabin. Matar nan rubutu take yi, sati uku cur, ba wanda ya karanta.

"Yaya," na ce, don haka nake kiransa ni ma, "ka ba ni zuwa Asabar ɗin."

"In ba ki me?"

"Mama magana take yi. Kibod take nema."

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa mai tallan maganin da ke warkar da cuta arba'in. Ya ce in yi abin da na ga dama, shi dai mota na zuwa Asabar.

A ranar na kawo kwamfutata ta cinya na ɗora mata. Tabɗi! Maɓallan a shafe suke, yatsunta suka yi ta zamewa, abin da ya fito haruffa ne birjik babu kai babu gindi. Rabin kowace kalma ma yana hannun da ya mutu. Na ce ta miƙa hagun ta nemo sauran, sai na gane wautata. Mama ba ta san inda haruffa suke da ido ba, ba ta taɓa sani ba. Yatsunta ne suka sani, kuma da ta ɗaga hannun daga mazauninsa shi ke nan ta ɓata. Hawaye ya gangaro mata ta gefe ɗaya. Na ji kunya ƙwarai, na naɗe kayana na fita.

Washegari Laraba na je ofishinmu, inda nake leƙawa sau ɗaya a wata. Masu irin aikinmu suna da wata cuta ta tara kibod, kowa da nasa ra'ayin, kuma in ka bari suka fara musu a kai sai azahar ta wuce. Na ce a ara mini masu maɓallan inji, irin waɗanda kowane maɓalli ke da nasa ƙarfen da ke dawo da shi. Na taho da guda uku a jaka.

Na farko babba ne, mai jerin lambobi a gefe. Na ɗora shi a kan matashi a cinyarta, ya rinjaya dama ya kusa karya wa Auta ɗan yatsan ƙafa. Muka cire shi daga lissafi. Dole sai ƙarami, wanda bai wuce tsawon cokali biyu ba, da zai zauna daram a cinya ba tare da gwiwar hannunta ta motsa ba.

Na biyu shi na sa wa rai. Ƙarami ne fari, maɓallansa laushi kamar auduga, ba ya ƙara ko kaɗan. A tunanina mara lafiya sai abu mai laushi. Ashe shirme na yi. Hannunta na da nauyi yanzu, tana ɗora yatsu kawai sai harafi ɗaya ya cika layi uku. Ga shi ba ta gani, ba ta ji, ba ta san ta buga ko ba ta buga ba. Ta sa bayan hannu ta ture shi, ta kawar da kai.

"Saura ɗaya, Mama," na ce. "Amma wannan korarre ne. Ranar da mai shi ya kawo shi ofis aka yi taro a kansa saboda ƙararsa, aka ce ko ya mayar da shi gida ko su tafi tare."

Baƙi ne, mummuna, mai nauyi kamar bulo. Maɓallansa na da tauri, sai ka danna da niyya, kuma a tsakiyar dannawar akwai ɗan tudu da yatsa ke ji kafin ya yi ƙas. Na ɗora hannunta a kai. Manuninta ya lalubo ɗan ƙullin da ke kan harafin f, sauran yatsun suka jeru da kansu. Ta danna ɗaya. Ƙas! Ta tsaya. Ta sake dannawa. Sai ta kwararo su a jere, ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, gefen bakinta mai rai ya ɗaga sama.

"La ilaha! Murmushi take yi!" in ji Auta.

Saura matsalar rabin haruffa, wannan kuwa aikina ne. Irin waɗannan ƙananan ana iya sauya musu umarni daga ciki. Na zauna yinin Alhamis na tsara shi yadda in ta taɓa dogon maɓallin ƙasa sau ɗaya zai ba da tazara kamar kullum, in kuma ta danne shi da babban yatsa, ɓangaren hagu ya rikiɗe ya zama na dama, kamar a madubi. Yatsan da ke buga f sai ya buga j, na kusa da shi ya buga k, haka har ƙarshe. Na yi mata bayani sau ɗaya a kunne. Zan maimaita ta doki hannuna, wato ta ji, kar in cika ta da surutu.

Da la'asar ta yi ta kuskure tana gogewa. Abin mamaki, ba sai an gaya mata ta yi kuskure ba, yatsan ne ke sanar da ita. Zuwa safiyar Juma'a ta hana mu kallon allon kwamfutar da na haɗa shi da ita, ta sa Auta ta juya shi bango.

Yaya bai jira Asabar ba, ya iso Juma'a da yamma don a fara ɗaure kaya. Ya gaishe da Auta, ya gaishe ni, ya shafa goshin uwarsa, ya jawo akwatinta daga saman kabad. Sai ɗakin ya ɗauki ƙas-ƙas-ƙas. Na juyo da allon, Auta ta karanta.

"Sannu da hanya. Ka mayar mini da akwatina inda ka gan shi."

Ya yi turus, akwatin a hannu. Ya dubi allon, ya dube ni.

"Haba, ai na san irin waɗannan abubuwan. Kwamfutar ce ke cika kalmomin da kanta. Ko a wayata haka take yi."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan wanke kaina, amma Mama ta riga ni. Wannan karon bugun ya daɗe, kuma da ƙarfi. Auta ta fara karantawa, ta tsaya, ta toshe baki.

"Karanta mana," in ji shi.

"Ta ce... ta ce kwamfutar ce kuma ta san ka yi fitsarin kwance har aji huɗu, ina shanya katifarka a bayan labule don kar a gani?"

Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba. Shi kuwa ya ajiye akwatin a hankali, ya durƙusa a gaban gadon, ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya kifa fuskarsa a bargo yana kuka kamar an mare shi. Mama ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta ci gaba, Auta na karantawa.

"Ina jin duk abin da kuke faɗa tun a asibiti. Bakina ne ya tafi, hankalina yana nan. A ɗakin nan na raine ku, a nan ubanku ya cika. Ba inda za ni. Ka tashi ka wanke fuska, akwai baƙuwa."

Ni ce baƙuwar. A rayuwata na rubuta manhajojin da dubban mutane ke amfani da su, amma ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba. Har da Mama nake alfahari, tsohuwar da ta koyi sabon bugu cikin yini ɗaya da rabi da hannun da ba shi ne gwaninta ba.

Mota ta koma babu kowa a kujerar bayanta. Sati tara Mama ta yi tana mulkin ɗakinta daga kan gado. Ta rubuta wa likita shafi guda na inda ke mata ciwo da lokacin da yake tashi, har ya cire tabarau ya nemi afuwarta. Ta gaya wa Auta shayinta ruwa ne zalla. Ni ma ban tsira ba, ta ce ta jiyo bugun hannuna ta bango, na koma satar amfani da manuni a inda ƙaramin yatsa ya kamata. Maƙwabcin ƙasa ya hawo ƙorafin ƙara, da ya ga daga inda take fitowa sai ya gaishe ta ya sauka sumui-sumui.

Wanda ya fi shan wuya Yaya ne. Ya bar kantin a hannun matarsa ya dawo ɗakin da zama. Mutum ne mai gaggawa, da ta buga kalma biyu sai ya ƙarasa mata sauran da baki. Rannan ta buga masa da manyan haruffa: "KA BARI IN GAMA." Daga nan ya fara koyon haƙuri. Jikinta na ƙara rauni, tazarar da ke tsakanin ƙas da ƙas na ƙara tsawo, wani lokaci jimla ɗaya ta ci minti goma. Sai ya zauna a kujerar roba, hannu a gwiwa, ya yi tsit har ta sa aya. Duk wanda ya yi magana a tsakani, shi ke tsawata masa.

Ranar Talata da hantsi na shigo da filas kamar kullum. Auta ta fita sayen sabulu. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a rabin gadon. Yaya na kan kujerarsa ya karkato gaba, yana ganina ya ɗaga mini hannu.

"Shhh," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na tambaye ta ko in sauke labule. Umma za ta yi magana."

Na tsaya a inda nake. Yatsunta huɗu na jere a mazauninsu, babban yatsa a kan dogon maɓallin, kamar kowane lokaci in za ta fara. Na dubi bargon da ke kan ƙirjinta, na daɗe ina dubansa. Ba ya hawa, ba ya sauka. Na yi salati a zuciyata.

Ya kamata in faɗa masa a take, na sani. Amma na kasa katse shi. Na ajiye filas ɗin a ƙasa yadda ba zai yi ƙara ba, na zauna a bakin ƙofa. Shi kuwa yana nan yadda yake, hannu a gwiwa, idonsa a kan allon, inda ɗan layin nan ke ƙiftawa a farkon shafi, yana jiran uwarsa ta gama tunani.