Mataunin Malam Salmanu

Tun da ciwon sukari ya kama Malam Salmanu, haƙoransa suka riƙa barinsa ɗaya bayan ɗaya. Likita ya yi masa bayani dalla-dalla: sukari yana raunana dasashi, ciwon dasashi kuma yana hana sukari sauka. Ya ce matauni ɗaya ne ya rage masa a ƙasa wanda ke haɗuwa da na sama, shi ma yana girgiɗi, amma idan ya nesanta shi daga abu mai tauri, ya riƙa zuwa ana dubawa, ana iya ceto shi.

Saboda haka ne a Babbar Sallar bana matarsa Sailuba ta daka masa nasa naman a turmi har ya yi laushi kamar abincin yaye. Soyayyen kuwa, wanda ya ji mai da gishirin garin Keana, wanda a da shi ke fara ɗanɗanawa tun yana kasko, ta zuba a kwano ta miƙa wa maƙwabcinsu Tyav, kamar yadda aka saba a unguwarsu ta Azuba. Tyav manomin doya ne, ya girmi Salmanu, amma bakinsa cike yake taf da haƙora. Maimakon ya kai kwanon gida, sai ya zauna kan benci a ƙofar gidan Salmanu ya fara taunawa.

"Malam, matarka ta iya suya fa!" in ji Tyav. "Kai ba ka ci? Ko har yanzu koko kake sha irin na jariri?"

"Ci naka, Baba Tyav. Ka dai bi a hankali, kada ƙashi ya shaƙe ka."

"Ƙashi? Ni da shi tun muna yara muka saba."

Ya ɗauki haƙarƙari ya hau gurgura, ƙas, ƙas. Salmanu ya ji ƙarar har cikin ransa. Ya san mutumin nan bai taɓa cutarsa ba. Hasali ma shi ke kai shi asibiti a kan mashin duk lokacin da jiri ya ɗebe shi. Ya yi istigfari a zuci. Amma idonsa ya ƙi barin muƙamuƙin nan da ke motsi ba gajiya, yana cin abin da aka soya a gidansa, daga ragon da ya yanka da hannunsa.

Sailuba ta leƙo daga zaure tana dariya. "Baba, in bai isa ba a ƙaro."

Dariyar ce ta ƙarasa shi. Irin wadda take yi ce a da, idan ya yaba girkinta baki cike. Ya miƙa hannu cikin kwanon Tyav, ya zaɓi tsokar da ta fi bushewa.

"Malam, likita fa!" in ji Sailuba.

"Likita ne ya saya mini ragon?"

Ya ɗora ta kan mataunin, ya danna da iyakar ƙarfinsa. Ɗanɗanon gishiri da mai ya zo masa ɗan lokaci kaɗan, daga nan wani abu ya saki, bakinsa ya cika da jini. Ya tofar a tafin hannu: tsokar tana nan yadda take, haƙorin na gefenta.

Ba wanda ya yi dariya. Sailuba ta kawo auduga, ta ce rauni a bakin mai sukari ba abin wasa ba ne, su tafi yanzu. Tyav ya rufe kwanon ya tayar da mashin.

Salmanu ya hau baya, auduga a kumatu, ya riƙe kafaɗar maƙwabcinsa. Suna hawa titi ya lura muƙamuƙin Tyav na motsi a hankali. Ashe akwai sauran nama a bakinsa, yana ƙoƙarin taunawa ba tare da an ji ba. Salmanu ya kau da kai, amma har suka isa asibiti yana ji.