'Yar Aiken Taibatu

Ƙarar faɗuwar ƙwarya na ji ta bayan katanga, sai muryar maƙwabcinmu Malam Sallau.

"Baiwar Allah, hita mani ɗaki. Ina da iyali. In Taibatu ta ishe ki nan, mi zan ce mata?"

Na yafa mayafi na zagaya. Inna Taibatu na durƙushe tana kwashe fura daga ƙasa da hannu, shi kuwa ya juya fuska bango ya ja bargo har wuya. Matar da ya auro daga Damri tun ba a haife ni ba, ita yake kora.

Tun da hawan jini ya kayar da shi a gonar shinkafa bara kansa ya rikice. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kawo mai ruƙiyya. Da ɗansu Mas'ud ya kai shi asibiti a Talata Mafara, likita ya ce ba iska ba ce, jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, sai magani da haƙuri. Bai manta sallarsa ba, bai manta yana da mata ba. Sai dai Taibatun da yake jira amarya ce siririya. Wannan tsohuwar baƙuwa ce, shi kuwa bai taɓa keɓewa da matar wani ba, balle ya ci daga hannunta. In Mas'ud ya tafi gona, haka zai wuni da yunwa. Kullum ƙara ramewa yake.

"Inna, bari in gwada ba shi," na ce.

"Ke ma matar wani ta, Hidaya." Ta goge hannu a zane. "Na gaji. Ko kukan ba ni iyawa."

Washegari da hantsi na gan ta tsaye a ƙofar ɗakin mijinta tana rafka sallama kamar wadda ta zo daga wani gari.

"Wa na?"

"'Yar aike ta, Malam. Taibatu tac ce in kawo maka hura."

"Ita tana ina?"

"Ta tahi Damri ganin gida."

"To, aje nan bakin ƙohwa."

Ya jawo ƙwaryar ya shanye tas, har da ƙwayar maganin da ta ce Taibatu ta haɗo. Na yi dariya, daga baya kuma abin ya ba ni haushi. Duk zamana a unguwar nan ban taɓa jin ya ce mata sannu ba. Irin mazan da ne, masu ganin in suka yaba wa mace hularsu za ta faɗi. Ga shi ta ƙare a bakin ƙofa, tana yi wa kanta aike, damina har ta wuce.

Ranar ƙarshe ina zaune a tsakar gidan ina taya ta tsintar shinkafa. Furar na nan inda ta ajiye, bai taɓa ba.

"Ke 'yar aike," ya kira, muryar can ƙasa. "Taibatu ba ta komo ba?"

Na yi mata ido don ta faɗa masa ita ce Taibatun, ko Allah zai sa ya gane. Ta matsa bakin ƙofa.

"Tana bisa hanya, Malam."

"Ba ni tsammanin ta ishe ni." Ya huta. "Ki hwaɗa mata, tun randa anka kawo ta gidanga ban taɓa nadama ba. In ina gona, ɗokin komowa nika yi don in ji motsinta. Kunya ta hana ni hwaɗa mata, ke ko baƙuwa ta. Ki ce ta yahe mani."

"Ta yahe, Malam."

"Ke ina kinka sani? Kai mata saƙo dai."

"To. Zan kai."

Ni ce na yi kukan, ita ko gezau. Kafin azahar ya cika, Mas'ud na riƙe da kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada, ita tana zaune a dokin ƙofa don kada ya gan ta hankalinsa ya tashi.

Bayan an kai shi, gida ya cika da masu gaisuwa, na hango ta ta nufi ɗakin. Ta tsaya a ƙofa, ta buɗe baki za ta yi sallama, sai ta fasa. Ta tuɓe takalmi ta shiga, ta zauna a gefen katifar, ta ɗora hannu inda kansa ya lotsa matashi.