Robar Cikin Panla

Shekara goma sha bakwai ina suyar kifi a bakin hanyar shiga Federal Low-Cost, gindin wani dalbejiya, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce min ko murɗawar ciki ya yi. Sunana Lois, amma in ka tambayi Lois ba mai nuna maka. Ce Maman Jacinta mai panla, sunan kifin da nake soyawa ke nan. Kullum da azahar nake ɗauko katan ɗina daga gidan sanyi, in tari keke daga Nasarawo, kafin la'asar kaskona ya hau wuta. Da kifin nan na raini Jacinta har ta shiga jami'a, kuma ita ce ta kashe min kasuwa. I, 'yar cikina.

Wata Asabar ta zo ta tsuguna kusa da ni ina feɗe kifi.

"Mama, ki riƙa ajiye min hanjin."

"Kyanwa kika samu?"

Ta ce a'a, furojek ne, wato binciken da ake ba su a shekarar ƙarshe. Wai shi panla can ƙasan teku yake zama, inda ko hasken rana ba ya kaiwa, amma duk da haka ɓurɓushin roba na nitsewa ya iske shi har can, ya haɗiye. Ni ko teku ban taɓa gani ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne dam ɗin Dadin Kowa. Na ce to, kwashi, dama zubarwa nake yi.

Bayan wata biyu ta ja ni har ɗakin bincikensu, ta sa na kanne ido ɗaya na leƙa wata na'ura. Na ga wani ɗan zare shuɗi, bai kai gashin gira ba.

"Shi ke nan abin?"

"Shi ne, Mama. Cikin kifi talatin, goma sha ɗaya na da shi."

"A hanjin da nake zubarwa?"

"Eh. Amma ba a gama sanin ko yana wucewa cikin tsoka ba."

Na ce Allah ya kyauta, na koma bakin kaskona. Da na san abin da zai biyo baya, da hanjin nan a rami na binne shi.

Yarinya ta zo ta ɗaya a ajinsu. Aka yi mata wata ƙatuwar takarda ta bayanin bincikenta mai hotuna aka manna a bango, kuma a tsakiyarta ga ni nan, da zanina na coci, riƙe da farantin kifi ina washe baki. Ita a ganinta girmama ni ta yi. Wani ya ɗauki hoton takardar a waya, hoto ya yi ta yawo har ya faɗa hannun Malam Sa'idu.

Malam Sa'idu tsohon mataimakin darakta ne. Tun da ya yi ritaya ya rasa wanda zai ba umarni, sai ya kafa Kwamitin Lafiyar Unguwa ya naɗa kansa shugaba. Shekara goma mutumin nan yana cin kan kifi da jela a wurina, har ƙashi yake tsotsewa. Shi ne ya tura hotona a guruf ɗin unguwa na waya, ya rubuta a sama: "Gaggawa! Kifin roba ya shigo Gombe!"

Kafin magariba labari ya yi ƙiba. Zaren da sai ka kanne ido za ka gan shi ya zama kifi sukutum na roba, wai a masana'anta ake zuba shi kamar bokiti. Wata ta rantse ta jefa nata a wuta ya narke. Wata kuma ta ce shi ya sa tumbin mijinta ya ƙi saɓewa. Kai, mutane! Tumbin da tun kafin in fara sana'a yake gaba da mai shi.

Washegari na soya rabin katan, ba wanda ya tsaya. Har Malama Bilkis, wata malamar firamare mai kirki da ke ɗauke da tsohon ciki, wadda kullum sai ta zauna mun yi hira, ta tsallaka titi ta ɗaga min hannu daga nesa. Wannan ya fi komai yi min ciwo. Can sai ga Malam Sa'idu da takunkumi a hanci, ya tsaya taku biyar daga teburina.

"Maman Jacinta, ba da ke muke ba fa. Da teku muke."

"To Yallaɓai, ku je ku same shi mana. Ni me na yi?"

Ya ce za su yi taron wayar da kai.

An yi taron kuwa, ranar Asabar, a filin makaranta. Kujerun roba ɗari biyu, allon sanarwa na leda mai hoton kifi an ja masa jan layi, fiya wata jaka talatin, shinkafa a robar tekawe. Mutum tara suka yi jawabi, takwas daga ciki godiya suka yi wa Malam Sa'idu. Da aka zo kan Jacinta sai mai gabatarwa ya ce minti biyu gare ta, saboda abinci na hucewa.

Ta miƙe ta ce kifin mamanta kifi ne na gaske. Ta ɗaga ledar fiya wata daga ƙasa ta ce wannan ce matsalar: ruwan sama zai ja ta kwalbati, kwalbati ya kai ta kwari, daga nan Gongola, Binuwai, Neja, har teku, can ta rugurguje kifi ya haɗiya. Aka yi mata tafi raf-raf, aka miƙa mata lambar yabo, ita ma ta roba. Da aka watse filin nan ya yi fari fat da leda, da yamma kuma aka sheƙa ruwa ya wanke shi tas.

Sati guda na ƙara ina soyawa ina komawa gida da shi. Maƙwabtana a Nasarawo suka ci kifi kyauta har suka fara ɓuya in sun hango ni. Ranar da na kife kaskona, Jacinta ta zauna a bakin gado tana kuka.

"Mama, ki yafe min. Wallahi ban san haka zai zama ba."

Raina a ɓace yake ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma ya zan yi da ita? Gaskiya ta gani ta faɗa.

Ita ta kawo shawarar alale. Wake dai daga gona yake, ba mai cewa ya taɓa shiga teku. Sharaɗi ɗaya ta kafa min: a gwangwani zan dafa, ba a leda ba. Ta ce leda in ta sha tafasa tana sakin nata ɓurɓushin kai-tsaye cikin abinci, ba sai ya biya ta cikin wani kifi ba. Ta bi masu shayi ta tara gwangwanayen madara, ta wanke su da ruwan zafi har sau uku.

Ranar farko Malam Sa'idu ya zo duba aiki. Ya ɗaga gwangwani ɗaya da yatsu biyu.

"Haba Maman Jacinta! Gwangwanin da wani ya sha ya yar? Mu da muka waye? Ina leda? Leda sabuwa fil, daga kamfani, ba hannun da ya taɓa cikinta."

Na yi masa bayanin Jacinta. Ya ce robar teku daban, ledar gida daban, ai tun yana yaro ake cin alale a leda. Kwana uku ina zaune da gwangwanaye, ƙuda ne kawai ke zuwa gaishe ni.

Rana ta huɗu na shiga kasuwa na sayo farar leda bandir guda.

Jama'a, ku zo ku ga layi! Malam Sa'idu ne a gaba. Ya karɓi tasa da zafinta, ya ciji kusurwar ledar ya tofar, ya matsa yana zuƙa yana lumshe ido. A take ya rubuta a guruf cewa kwamiti ya yi nasara, unguwa ta koma abincin gargajiya mai tsafta.

Ana cikin haka Jacinta ta sauko daga keke. Ta tsaya tana kallon tukunya, ledoji na ta birkiɗa a cikin tafasasshen ruwa.

"Mama..."

"Kul! Kin buɗe baki sau ɗaya, na ga abin da ya biyo."

Ta ja da baya. Na sunkuya ƙarƙashin tebur na ɗauko gwangwani ɗaya da na dafa daban a gida, na miƙa mata da cokali. Nata ne. Ni ba mahaukaciya ba ce, na leƙa na'urar nan da idona.

Mai bi a layi Malama Bilkis ce, ta dafe ƙugu, ciki ya yi ƙasa sosai. Jacinta ta dubi cikin, ta dubi gwangwanin da ke hannunta, sai ta miƙa mata.

"Anti, karɓi wannan. Ban taɓa ba."

Malama Bilkis ta yi murmushi ta girgiza kai.

"A'a ƙanwata, na gode. Ba ni na leda guda biyu, Maman Jacinta. Kin san yanzu dole in kiyaye abin da nake ci, saboda ɗan nan."

Jacinta ta juyo ta zuba min ido. Bayan Malama Bilkis akwai mutum ya fi ashirin suna jira, irin layin da rabona da gani tun kafin hoton nan ya fita. Kunya ta kama ni har wuya.

Na sa ludayi na tsamo mata guda biyu.