Butocin Shayin Jirgin Kwal

Duk Asabar da Lahadi tsohon jirgin ƙasa mai amfani da kwal yakan kwashi masu yawon buɗe ido zuwa kan dutse, ya bar wa mutanen ƙauyen tsaraba: robobin shayi birjik a gefen dogo, har cikin gonakin shinkafa. Shigeko da matan ƙungiyar unguwa su ne masu tsincewa, har ƙugu ya riƙe.

Wata safiya ta dire buhu uku a gaban Genzo, tsohon direban jirgin, yana cikin goge injinsa.

"Genzo-san, ga kashin jaririnka nan," ta ce, ta liƙa wa sunansa "san" ɗin girmamawa irin na ƙasarsu.

"Jaririna hayaƙi kawai yake fitarwa," in ji shi. "Lokacin da na fara aiki, a 'yar butar ƙasa ake sayar da shayi a tasha. Wa ya san roba?"

Shigeko ta tsura masa ido. Daga nan ba ta zame ko'ina ba sai gidan ƙanenta Tokuji, maginin tukwane, ta ce ya gina mata butocin shayi na ƙasa.

"Yaya, buta ɗari biyu? Hannuna biyu ne fa!" in ji Tokuji.

"Mu sha huɗu ne a ƙungiya. Kai dai hura wuta."

Hukumar jirgin ta amince a daina sayar da shayin roba, a koma na buta. Matan suka shafe lokacin sanyi suna murza yumɓu, butoci suka fito wasu a karkace, wasu kamar kabewa. Aka ajiye kwando a tashar ƙarshe, wanda ya gama sha ya saka, a wanke.

Ranar farko Shigeko ta leƙa kwandon, ta tarar da buta goma sha ɗaya kacal. Wato su ma ta taga aka watsar? Washegari ta bi dogon a ƙafa har gada. Ba buta, roba kuwa biyu ta tsinta.

Ta dawo tana haki, ta iske Genzo yana ƙyaƙyata dariya.

"Gida suka tafi da su, Shigeko-san! Wata mata daga birnin Osaka har roƙona ta yi in nuna mata gwanin da ya gina mai karkataccen baki."

"Ai tawa ce!"

"Na faɗa mata kuskure ne. Ta ce a yi mata shida irinta."

Da labari ya kai wa Tokuji, sai ya dafe kai.

"Shekara arba'in ina gyara hannuna," ya ce, "ba wanda ya taɓa zuwa daga Osaka nemana."