Baƙin Ruwa Daga Silin Manaja

Ranar Laraba da hantsi direban kamfanin auduga na Gwarzo ya yi birki a ƙofar shagona a Kabo. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce in ɗauko kayan aiki, Manaja na nemana yanzu-yanzu. Na ce to, yau kuma an tuna da Nata'ala ke nan? Shekara guda cur da suka soke yarjejeniyarmu ta in riƙa zuwa duk wata uku ina duba musu esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, wai tsuke bakin aljihu ake yi. Direban bai ko murmusa ba. Ya ce, "Malam, esin ofishin Manaja ne ke zubar da ruwa. Baƙi ƙirin."

Shekarata goma sha huɗu a wannan sana'a. Na ga ruwan esi mai yauƙi, na ga mai tsatsa, na ga wanda ɓera ya mutu a ciki. Baƙi dai ban taɓa gani ba.

A hanya ya ba ni sauran labarin. Ƙarshen wata za a rage ma'aikata, takardar sunaye na kulle a durowar Manaja, kowa na cikin fargaba. Ana cikin haka ruwan ya fara ɗiga daidai kan kujerar Manajan, Alhaji Badaruddeen. Ranar farko a hularsa ya sauka. Tun daga nan yake fama da ciwon kai, kuma ya rantse duk wanda aka samu da hannu, kora ce farko, kotu ta biyo baya. "Ka kuwa san yanzu Shari'a ake yi," in ji direban, "maganar sihiri ba abin wasa ba ce."

Ni ba Manaja ne ya dame ni ba, Yaya Dabo ne, mijin yayata Furera, masinjan ofishin. Shekararsa ashirin da uku yana ɗaukar fayil a wurin, yara bakwai na cin abinci a bayan aikin nan. Lokacin da aka sallame ni, shi aka ce in koya wa buɗe murfin esi da wanke ragar tace ƙura, don a huta da kiran mai gyara. Ke nan a sanina duk ginin mu biyu ne hannunmu ya taɓa kaiwa silin ɗin nan, ni kuma rabona da wurin shekara.

Na tarar an ja kujerar gefe, an ajiye kwanon silba a inda take. Esin irin na cikin silin ne, mai hura iska ta baki huɗu, kuma ta bakin gabas ruwan ke taruwa ya yi nauyi ya faɗo. Ɗis. A jira kaɗan. Ɗis. Ma'aikata sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Alhaji Badaruddeen na zaune a kujerar baƙi da carbi, idonsa ja.

"Ranka ya daɗe, barka da hantsi. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Malam Nata'ala, ruwa ba ya tsami banza." Ya tura farantin shayi tsakiyar tebur. "Duk abin da ka ciro, ko zare ne, a nan za ka ajiye. Ina zaune, ba inda za ni. Dabo, riƙe masa tsani."

Yaya Dabo ya zo ya riƙe. Mun gaisa, na tambayi Furera da yara, ya amsa bai dube ni ba.

Na bi aikin kamar kullum. Na sa hannu a bakin iska, sanyi na zuwa sosai, ke nan gas bai zube ba. Na ce a kashe wuta. Na buɗe murfi na zare raga, tas take, Yaya Dabo ba ya ha'inci a wanki. Na haska tocila, babu ƙanƙara a jikin ƙarfen sanyin. Saura tiren da ke tare ruwa da ɗan famfon da ke zuƙe shi ya tura waje. A ƙa'ida in ruwa ya cika tiren, na'urar kan kashe kanta. Sai na ga an haɗe wayoyin da ke yin wannan aiki an naɗe da salatif. Na tambaya, aka ce mai janareto ne ya yi, don esin ya dame su da ɗaukewa. Kai, mutane! Na'ura na ihu tana cewa ga ciwo, sai a toshe mata baki.

Sai da na fara kwance sukurorin tiren na ji tsanin na rawa a ƙarƙashina. Ƙasan ofishin sumul yake. Na leƙo ƙasa, Yaya Dabo ya kau da kai.

Warin ne ya fara gaya min. Duk wanda ya taɓa zama gaban allo ya san shi, ƙaro da baƙin tukunya. Tawada ce. Na zura yatsu a ruwan ta wajen famfo, na taɓo abu mai laushi kamar ƙullin daddawa, ya toshe bakin da ruwa ke bi. Takarda ce an ninke an ɗaure da zare, ko ɗinkin fata ba a yi mata ba. Laya.

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in sauko in shaƙe shi. Haba Yaya Dabo! Tawadar malamai ai don a wanke a sha aka yi ta, da ta ga ruwa sai ta saki. An ce maka ka sa a saman kan mai gida don sunanka kada ya fito a takarda, duk faɗin silin nan ka rasa inda za ka cusa sai wurin da ke tara ruwa dare da rana? Bayan fushin sai tausayi ya kama ni. Dattijo mai furfura ya hau tebur a ɓoye yana tura takarda a rami, don kada a ce masa ya tafi gida.

"Me ka gani?" in ji Manaja daga ƙasa.

"Datti ne, ranka ya daɗe. Hayaƙin janareto na shigowa ta taga, ya taru ya toshe famfo."

Jikina ya kare hannuna. Na dunƙule layar na zura a aljihun gaban riga, na kwaso dagwalon tiren na sauko da shi na zuba a faranti. Alhaji Badaruddeen ya tona da bayan biro, ya sake tonawa. Na fara bayanin yadda zan wanke tiren in raba wayoyin nan, ina magana ina ƙara magana, sai na lura ba fuskata yake kallo ba. Na bakin ƙofa ma duk ƙirjina suke kallo. Rigata ruwan madara ce, kuma baƙin ya riga ya keto aljihu yana gangarowa.

"Fito da shi," ya ce, a hankali.

Na ajiye a farantin. Wata mata a bakin ƙofa ta yi salati. Manaja bai taɓa layar ba, ya juya ya dubi Yaya Dabo. "Wa ke buɗe abin nan duk wata?"

Ban jira Yaya Dabo ya amsa ba. Na tuna Furera, na ji bakina ya riga ni.

"Tawa ce, Alhaji. Zuwana na ƙarshe na sa, don a dawo min da aikina. Shi raga kawai ya iya cirewa, hannunsa ba ya kaiwa can."

Ƙarya ce mai ƙafa ɗaya, takarda ba ta shekara a ruwa. Amma ba wanda ya san esi a ɗakin sai ni, kuma sun ga abin ya fito daga aljihuna. Alhaji Badaruddeen ya daɗe yana jan carbi. Ya ce ya san mahaifina, ya bi shi salla a Kabo, don darajarsa ba zai kai ni gaba ba a kan wannan ɗaya. Amma sai na rantse babu wata layar a ginin. Ranar Litinin zai ɗauko injiniya daga Kano a kwance kowane esi, kafin nan shi zai riƙe makullan ofisoshin da hannunsa. "In aka sami ko guda, Malam Nata'ala, alƙali zai ji biyu, sihiri da rantsuwar ƙarya."

Yaya Dabo aka aika ya kawo buta. Na yi alwala a baranda jama'a na kallo. Kafin in ɗora hannu a kan Alƙur'ani na saci kallonsa, kansa na ƙasa. Na ɗauka kunya ce. Na rantse.

Aka gaya wa maigadi kada ya sake barina in taka harabar kamfanin. Babu maganar motar da za ta mayar da ni Kabo. Yaya Dabo ya ɗauko min akwatin kayan aiki har bakin titi, rana ta take, ko mai acaɓa babu. Ban jira godiya ba, so nake kawai in tafi kafin in faɗi abin da zai raba zumunci. Na miƙa hannu in karɓi akwatin, ya ƙi saki.

"Nata'ala," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "malamin da na je wurinsa, layu huɗu ya ba ni."

Na ce, ina sauran?

"Suna cikin esin akanta, da na sakatare, da na ɗakin taro. Da kara na tura su can ciki. Ko da makulli a hannuna ba zan iya cirowa ba."

Ƙararrawar Manaja ta buga daga ciki. Ya saki akwatin ya juya da sauri, yana gyara hula. Tsoron da ban ji a kan tsani ba ya sauko min gaba ɗaya. Hannun rigata ko bushewa bai yi daga alwalar ba.